Bayan Firamare Sai Ina? Tarihin Makomar Yara a Kudancin Kogin Kaduna

Gabatarwa

Galibin abin da aka rubuta a kan tarihin ilmin zamani a Arewa ya fi mai da hankali ga ranar da yaro ya shiga makaranta. Ba safai ake bin sawunsa a ga inda ya nufa ranar da ya fito ba. Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin duba wannan rana ta biyu, ta kuma taƙaita kanta ga unguwannin da ke ƙetaren kogin Kaduna ta kudu, watau Kakuri da Makera da Barnawa da Nasarawa da maƙwabtansu. Dalilin zaɓen wannan yanki kuwa shi ne, a nan ne takardar gama firamare ta taɓa yin daraja irin wadda ba ta samu ba a sauran garuruwan Arewa, a nan ne kuma faɗuwar darajarta ta fi fitowa fili.

Ƙunƙuntar ƙofa a zamanin Turawa

Kaduna dai gari ne da Turawa suka kafa, suka dawo da hedkwatar Arewa cikinsa daga Zungeru a 1917. Ofisoshi da gidajen manya suka zauna a arewacin kogi, kudu kuwa aka bar wa jirgin ƙasa, domin a nan babbar tasha take, inda layin Ikko zuwa Kano ya haɗu da layin da ya taso daga Fatakwal. Saboda haka tun farko leburori da ma'aikatan reluwe da baƙi daga nesa su suka cika wannan ɓangare.

A tsarin da aka kafa wajen 1930, yaro yakan yi shekara huɗu a elementare, sa'an nan in ya yi fice a ɗauke shi midil. Midil kuwa guda ɗaya ce a lardi, ta Lardin Zazzau tana Zariya. Daga can ne 'yan ƙalilan ke wucewa kwalejin da aka taso da ita daga Katsina zuwa Kaduna a 1938, aka kuma mai da ita Zariya a 1949, wadda yau ake kira Barewa. Ɗan lebura a Makera, sai dai ya ji labarin wannan tsani. Abin da ya fi kusa da shi makarantun mishan ne. A Kakuri ne 'yan Katolika suka riƙe kwalejin 'yan mata ta Queen of Apostles, wadda ta zama Kwalejin Sarauniya Amina bayan da gwamnatin Jihar Arewa ta Tsakiya ta karɓe makarantun mishan a farkon shekarun 1970.

Masaƙa a matsayin mataki na gaba

Nan ne zan ɗan jima, domin a ganina nan zancen yake. Tun daga shekarun 1950 firamare a Arewa ta koma shekara bakwai, huɗu a ƙarama, uku a babba. Wanda ya gama aji bakwai yana da hanyoyi kamar huɗu a gabansa: sakandare in ya ci jarrabawar shiga, ko kwalejin horon malamai, ko makarantar koyon sana'a, ko kuwa aiki. Masu rubutu sukan ɗauki ta huɗun a matsayin faɗuwa. A Kakuri ba haka ba ne.

A 1957 masaƙar Kaduna, watau KTL, ta fara aiki a Kakuri, da haɗin gwiwar gwamnatin Sardauna da kamfanin David Whitehead na Ingila. Kafin shekarun 1960 su ƙare, Nortex da Arewa Textiles da UNTL sun biyo baya. Masana'antar makamai ta soja ta zo a 1964, kamfanin harhaɗa motocin Fijo ya zo a 1975, matatar mai kuma ta buɗe a 1980. Waɗannan wurare suna bukatar wanda zai iya karanta lamba a jikin inji, ya cika takarda, ya fahimci umurnin shugaban aiki da Turanci, ya kuma saba da zuwa kan lokaci. Ko ba a faɗa ba, wannan siffar ɗan aji bakwai ce. Sai ya zamana takardar gama firamare ta zama mabuɗin albashi, da ɗakin haya a Kakuri, da keke, da aure. Matasa daga kudancin Zazzau da Filato da Binuwai, inda mishan ta riga ta shuka firamare da yawa, suka yi ta kwarara zuwa bakin ƙofar masaƙa da takardunsu a hannu.

Abin lura a nan shi ne tasirin wannan ga iyaye. Uban da ya ga takardar firamare ta ciyar da shi, ba ya bukatar a yi masa wa'azi kafin ya sa ɗansa makaranta. Kuma burinsa shi ne ɗan ya wuce inda shi ya tsaya. Ashe ke nan masaƙa ta yi wa ilmi aiki biyu: ta karɓi waɗanda suka tsaya a firamare, ta kuma biya kuɗin makarantar 'ya'yansu da suka wuce.

Ambaliyar 1982

A watan Satumba na 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, aka kuma mai da firamare shekara shida. An yi lissafin yara kimanin miliyan biyu da dubu ɗari uku za su shiga aji ɗaya a duk ƙasa, sai ga kimanin miliyan uku. An yi ta magana a kan ƙarancin azuzuwa da malamai a lokacin, har aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a nan Kaduna. Amma tambayar da ba a tanadi amsarta da kyau ba ita ce: ina za a kai su bayan shekara shida?

Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977, wadda aka yi wa gyara a 1981, ta ba da amsa a takarda: shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babba, huɗu a jami'a. An so ƙaramar sakandare ta koyar da aikin hannu, irin su kafinta da aikin ƙarfe da lantarki, domin wanda ya tsaya nan ya fita da sana'a. A aikace kuwa, rukunin farko ya fito a 1982, daidai lokacin da kuɗin man fetur ya karye. Makarantun kwana suka gaza, aka koma ga na jeka-ka-dawo, wasu ma a aron azuzuwan firamare da yamma. Injunan koyon sana'a da aka sayo daga Turai da yawa sun tsufa cikin akwatunansu, saboda ba ɗakin aiki, ba wuta, ba malamin da ya iya. Abin takaici ne a ce wannan ya faru a unguwar da ke da makanikai da masu gyaran inji da yawa, amma ba a yi dabarar haɗa makaranta da masana'antar da ke bayan katangarta ba.

A lokaci guda kuma darajar takardar ta zube. Da kowa ya mallake ta, masu ɗaukar aiki suka koma neman ta sakandare. Tsuke bakin aljihu na 1986 ya ƙara tsananta al'amari.

Bayan rufe masaƙu

Shirin ilmin bai-ɗaya na 1999, da dokarsa ta 2004, sun haɗe firamare da ƙaramar sakandare suka zama shekara tara na tilas. A bisa doka, ke nan, gama aji shida ba fita ba ce, sauya aji ne kawai. Sai dai dokar ta zo ta tarar da kudancin Kaduna cikin wani hali. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta tsaya a 2007, dubban iyaye suka rasa albashin da ke sayen littafi da rigar makaranta. Rikicin 2000 da na 2002 kuma sun sa jama'a sun yi ta ƙaura, Musulmi da yawa suka koma arewacin kogi, Kirista da yawa suka dawo kudu. Tun daga nan, zaɓen sakandare ga yaro ya daina zama batun makin jarrabawa kaɗai. Iyaye sukan fara tambayar wace unguwa makarantar take, kuma ko sai ya ƙetare gada.

Giɓin da aka bari, makarantu masu zaman kansu ne suka cike shi, daga Barnawa har Sabon Tasha. Su ne kuma suka yaɗa al'adar cire yaro daga aji biyar, wani lokaci ma huɗu, a tura shi sakandare, har aji shida ya kusa zama kango a wasunsu. Ɗalibanmu da ke zuwa koyon aikin koyarwa sukan dawo da labarin 'yan shekara tara a ajin farko na sakandare, waɗanda hannunsu bai gama faɗawa da rubutu ba. Kakan irin wannan yaro, da aji bakwai ya riƙe injin saƙa shekara talatin.