Daga Rabah zuwa Katsina: Yadda Kunnen Arewa Ya Koyi Auna Turanci

A makarantun Wurno da Goronyo na ƙasar Sakkwato, yaro kan san amsa sarai amma ya ƙi ɗaga hannu, don gudun kada ya nufi "p" ta fito "f", aji ya bushe da dariya. Abin takaici, an yi zamanin da Turancin bakin ɗan Arewa ne abin kwatance a Nijeriya.

Tushen maganar yana Katsina. A 1922 Gwamna Hugh Clifford ya buɗe kwalejin horar da malamai a can, inda Turawan Ingila da kansu suke koyar da ɗalibai ƙalilan, suna matsa musu ƙwarai kan lafazi. A Kudu kuwa makarantun mishan sun yawaita, galibi ɗan ƙasa ke koya wa ɗan ƙasa. Ahmadu Bello, haifaffen Rabah, ya kammala kwalejin a 1931, ya koyar a Midil ta Sakkwato, sannan aka ba shi hakimcin Rabah a 1934. Abubakar Tafawa Ɓalewa ma a kwalejin ta Katsina ya yi karatu, kuma zaƙin Turancinsa ya sa aka yi masa laƙabi da mai muryar zinariya.

Ita kanta Hausa ta taimaka, domin tana bambanta dogon wasali da gajere, kamar Turancin Ingila. Munzali Jibril, a binciken digirinsa na uku a Jami'ar Lancaster a 1982, ya raba Turancin Bahaushe gida biyu, ya nuna na masu zurfin karatu yana kusa ainun da lafazin Ingila.

Sai aka shigo 1976 da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa. Azuzuwa suka cika maƙil, aka yaye malamai cikin gaggawa, yaro ya daina jin Turanci daga bakin wanda ya ƙware. Hukumar WAEC tana jarraba sautuka, amma a kan takarda, ba tare da ɗalibi ya buɗe baki ba. Yau kuma wayar hannu ta kawo lafazin Amurka, matasa suna auna junansu da shi, suna ɗaukar mai karin Sakkwatanci a matsayin wanda bai waye ba.

Wannan hukunci zalunci ne, kuma yana rufe bakin yara masu basira. Malaman Rabah, Wurno da Goronyo su hana dariyar nan a aji, su gyara sautin da ke ɓata ma'ana, su bar yaro ya yi magana.