Daga Ɗan Dako Zuwa Injin Lantarki

Masana sun kasa ƙarfi gida biyu. Akwai wanda ba ya aiki sai abu ya taɓa abu, kamar turi, da jan igiya, da guga. Akwai kuma wanda ke aiki daga nesa, kamar jan da ƙasa ke yi wa kowane abu, da jan da mayen ƙarfe, watau maganaɗisu, ke yi wa allura. Wanda ya bi tarihin sana'a a Kano zai ga yadda aiki ya tashi daga na farkon ya dogara ga na biyun.

A zamanin da, kusan kowane aiki na birnin da ƙarfin taɓawa a ke yinsa. Masaƙi na jefa ƙoshiya da hannunsa, maƙeri na dukan ƙarfe da masaba, majemi na kankare fata, jaki da raƙumi na kai kaya kasuwar Kurmi. Iyakar ƙarfin mutum da dabbarsa, iyakar aikinsa ke nan.

Da jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, sai cinikin gyaɗa ya buɗe, har daga baya aka riƙa jera buhuna a yi dala. A bisa dalar nan ƙarfin biyu su kan gamu. Ɗan dako ya saɓa buhu ya hau da shi, wannan taɓawa ce. Abin da ke gajiyar da shi kuwa jan ƙasa ne. Ƙasa ba ta ɗaura wa buhun igiya ba, amma in ya suɓuce wurinta zai nufa. Abin da ke hana buhunan zamewa kuma shi ne gugar da ke tsakanin buhu da buhu. Wani masani na Ingila, Isaac Newton, ya bayyana cikin littafinsa na 1687 cewa jan nan da ke fado da kaya shi ne ke riƙe da wata a kan hanyarsa.

Wani mutumin Ingila kuma, Michael Faraday, ya nuna cikin 1821 cewa waya mai ɗauke da lantarki ta kan kewaya mayen ƙarfe ba mai tura ta. Cikin 1831 ya gane in an motsa mayen ƙarfe kusa da naɗaɗɗiyar waya, lantarki ya kan samu a cikinta. Shekara ɗari bayan haka, cikin 1931, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, En'e ta Kano ta buɗe aikin ruwan famfo da wutar lantarki, ana jawo ruwan daga kogin Calawa.

Samuwar wuta ita ta share wa masana'antu hanya. Bompai ce ta fara cika da su, sa'an nan Sharaɗa da Calawa suka biyo baya. Aka kafa gidajen matse man gyaɗa, da masaƙu, da majemu, da gidajen alewa da na roba. Bayan an gama madatsar Kainji cikin 1968, wuta ta riƙa zuwa Kano ta waya tun daga kogin Kwara.

To, yaya injin lantarki ke juyawa? A jikinsa akwai naɗin wayar tagulla, a tsakiyarsa kuma akwai wani ƙarfe mai juyawa, da ɗan fili tsakaninsu. In wuta ta shiga wayar sai ta zama mayen ƙarfe, ta juya ƙarfen tsakiyar ba tare da ta taɓa shi ba. Daga nan aikin taɓawa ya karɓa: ƙarfen ya ja bel, bel ya ja dabaran masaƙa. In bel ya saki, guga ta ragu, sai ya yi ta sulɓewa. In kuwa aka hana ƙarafa mai, guga ta yi yawa, sai su yi zafi su cinye. Har wa yau ma'aikaci ya sani, wuta mai ƙarfi ta kan tsallaka ta kama wanda ya matso kusa da ita, ko da bai taɓa wayar ba.

Tun daga shekarun 1980 masana'antu da yawa na unguwannin nan uku suka rufe. Cikin dalilan akwai tsadar kayan aiki, da shigowar kayan waje masu araha, da ƙarancin wuta. Injuna na nan, ƙwararrun hannuwa na nan, amma da ƙarfin nan da ido ba ya gani ya yanke, sai aiki ya tsaya, magidanta masu yawa suka rasa abin yi. Saboda haka ya kamata uban da ya koyi karatu da girmansa ya sa ɗansa neman ilmin nan tun yana ƙarami, gama garin da ke cin abinci da inji ba ya wadata sai da 'ya'yan da suka san abin da ke juya shi.