Tsarin hawa da faɗuwa a ƙwallon ƙafa: Yadda yake aiki da matsayinsa a gasar jami'o'in Najeriya

Tsarin hawa da faɗuwa ƙa'ida ce da ke kasa ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa zuwa rukunai, wani sama da wani. A ƙarshen kowace kakar wasa, ƙungiyoyin da suka ƙare a ƙasan teburi suna gangarawa rukunin ƙasa, waɗanda suka yi fice a can kuma su haye su maye gurbinsu. Tsarin ya samo asali ne daga Ingila, inda aka kafa gasar lig a 1888, aka ƙara rukuni na biyu a 1892, sannan daga 1898 aka fara hawa da faɗuwa kai tsaye bisa yawan maki.

Yadda yake a Najeriya

Gasar Firimiya ta Najeriya, NPFL, tana da ƙungiyoyi 20, kuma huɗu na ƙarshe ne ke faɗawa rukuni na biyu, wato NNL, wanda masu sharhi ke kira gasar 'yan dagaji. Ƙa'idar ba ta duba girman suna. Kano Pillars, wadda ta lashe kofin a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, ta faɗi a 2022 tare da Katsina United, kafin dukansu su dawo a 2023. Ita ma Adamawa United ta haye a 2019, ta kuma faɗi a 2021.

Gasar manyan makarantu

Ƙwallon ɗalibai bai bi wannan tafarki ba. Gasar wasannin jami'o'i ta NUGA, wadda aka fara a Ibadan a 1966, taro ne na 'yan kwanaki a jami'a guda, haka ma NIPOGA ta kwalejojin kimiyya da fasaha. Gasar HiFL da aka soma a 2018 ta dogara ne ga wasannin share fage da na sili ɗaya ƙwale. Jami'ar Aikin Gona ta Makurdi ce ta lashe ta farko, Jami'ar Kalaba kuma ta karɓa a 2019. A irin wannan tsari, makarantar da aka fitar da wuri sai ta jira shekara ta zagayo.

A ƙetare al'amarin ya bambanta. Gasar ƙwallon Amurka ta jami'o'i ba ta da faɗuwa, domin makarantu na sauya rukuni ne ta hanyar gayyata da yarjejeniyar kuɗin talabijin. A Birtaniya kuwa, wasannin jami'o'i na tafiya ne bisa matakai masu hawa da faɗuwa, inda ƙananan matakan ke bin shiyya-shiyya.

Amfani da ƙalubale

Mubi na da Jami'ar Jihar Adamawa da aka kafa a 2002 da kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya. Ga matashin da ya taso yana taka leda a unguwar Sabon Layi har ya shiga ɗaya daga cikinsu, gasa mai rukunai na nufin wasanni a kai a kai da makarantun da ƙarfinsu ya zo ɗaya, da kuma hanyar kaiwa mataki na sama bisa ƙwazo.

Sai dai akwai cikas guda uku. Na farko, ɗalibi na kammala karatu cikin 'yan shekaru, don haka tawagar da ta haye ba lallai ita ce za ta buga a sama ba. Na biyu, tsadar tafiya: daga Mubi zuwa Yola kaɗai kusan kilomita 200 ne, balle zuwa Kalaba ko Legas. Na uku, yajin aiki, kamar na ƙungiyar ASUU da ya shafe wata takwas a 2022, kan wargaza jadawalin kakar wasa baki ɗaya.

Saboda haka, tsarin da ya fi dacewa da yanayin ƙasar shi ne wanda ƙananan rukunai za su tsaya cikin shiyya, makarantun Mubi su kara da na Yola da Gombe da Maiduguri, zakarun shiyyoyi kuma su haye rukunin ƙasa baki ɗaya.