Ragowar Bama-bamai a Ƙasa: Darasin Tarihi ga Birchi da Kewayenta

Manufar wannan takarda ita ce ta nuna cewa binciken ragowar makamai a filayen da soja suka yi harbi aiki ne da ke farawa daga hannun masanin tarihi, tun kafin injiniya ya iso da na'urar gano ƙarfe. Dalili kuwa, ba kowane bom da aka jefa ne yake fashewa ba. Wani yakan nutse cikin ƙasa ya shekara da shekaru yana jiran garmar manomi ko gudumar ɗan gwangwan.

Tarihin Nijeriya ya ba mu misalai biyu. Yaƙin basasa ya ƙare a 1970, amma sai a 2017 Gwamnatin Tarayya ta amince, a gaban kotun ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, za ta biya naira biliyan 88, watau biliyan 50 na diyya da biliyan 38 na kwashe nakiyoyi da bama-baman da aka bari. Na biyu, ranar 27 ga Janairu 2002 rumbun makamai na barikin Ikeja ya kama da wuta, mutum fiye da 1,000 suka halaka. Sai a watan Oktoba 2023 rundunar soja ta shiga share wurin gadan-gadan.

To, ina abin ya shafi Birchi? Yamma da Kurfi da Dutsin-Ma akwai Dajin Rugu, wanda ya ratsa ƙasar Safana da Batsari, inda jiragen yaƙi suka sha jefa bama-bamai a kan maɓoyar 'yan bindiga. Filin atisaye irin na Kachia yana da sananniyar iyaka. Rugu kuwa makiyaya ce da wurin itace, ranar da ƙura ta lafa jama'a za su koma.

Saboda haka wajibi ne tun yanzu a adana bayanin rana da wurin kowane hari, a kuma ji ta bakin masu unguwanni da makiyaya da mafarauta, domin su suka san inda ƙasa ta tsage. Da wannan ne za a shata taswira, a kafa alamu, sannan gwanaye su bi taki-taki suna fasa abin da suka tarar. Shaidu suna mutuwa, takardu suna ɓacewa, bom kuwa yana nan daram. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.