Daga Daɓe zuwa Dutsen Masana'anta a Ƙasar Arewa

Ɗan Kassari tana kan babbar hanyar da ta haɗa Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni, a ƙasar Arewa ta jihar Doso, kuma a yankinta ne ƙauyen Lugu yake, inda Sarauniya ta tari rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine a shekarar 1899. Tuddan wannan ƙasa na jan dutse ne da marmara, wato jar tsakuwa mai tauri da ake haƙowa a gindin tudu, kwarin Dallol Mawri kuwa yashi ne da laka. Da waɗannan ne Arawa suka daɗe suna biyan buƙatar samun wuri mai santsi a cikin gida, wanda ƙura ba ta tashi daga gare shi, ruwa ba ya mayar da shi taɓo, tsintsiya kuma tana bi ta kansa ba tare da ta kwashe shi ba.

Hanyar biyan wannan buƙata a gargajiyance ita ce daɓe, kuma aikin mata ne. Akan baza marmara ko tsakuwa a tsakar ɗaki, a yayyafa ruwa, sannan matan unguwa su jeru a durƙushe kowace da madaɓi, wato guntun icce mai faɗin ciki da mariƙi, suna bugu a tare suna waƙa har ƙasar ta kwanta ta haɗe. Bayan haka sai a shafe ta da makuba, ruwan da ake samu idan aka jiƙa ɓawon ɗorawa, ko kuma da ruwan bagaruwa, waɗanda suke ƙara mata tauri, su ba ta duhun launi da sheƙi. Yawanci ana yin wannan gayya ne idan za a kai amarya, don haka kyan daɓen ɗaki yakan nuna yawan mutanen da uwar amarya take da su. Abin da ya fi cancantar lura shi ne daɓe yana gyaruwa: idan ya fashe, hannun da ya yi shi yana nan cikin gari, ɗorawa kuma tana bayan gari.

A birane irin su Kano da Zariya magina sun kai ga laso, wani haɗi na katsi, wato taɓon da ke kwantawa a gindin karofi, da gashin jima da ruwan saiwar dafara, wanda ake shafe rufin soro da ramukan rini da shi domin ya hana ruwa ratsawa.

Sai dai duk wannan gyara na ƙasa ne da bango, domin madafar Bahaushiya ba ta da teburi. Murhu duwatsu uku ne, turmi da dutsen niƙa a ƙasa suke, mai girki kuma tana zaune a kan 'yar kujera a tsakar gida ko a ƙarƙashin rumfa. Siminti, wanda ya yawaita bayan kafa masana'antar Malbaza da ta Kalambaina a Sakkwato cikin shekarun 1960, ya maye gurbin daɓe a ɗakuna da makewayi, tayil kuma ya biyo bayansa, amma babu ɗayansu da ya ɗaga girki daga ƙasa. Murhun gas da ruwan famfo a cikin gida ne suka kawo girkin tsaye, tare da shi kuma kantar kicin da ta banɗaki, waɗanda aka fi gani a sababbin gidajen Yamai da Maraɗi da Kano.

Abin da ake shimfiɗawa a kan irin wannan kanta a yau sau da yawa dutsen haɗi ne mai kama da mabul. Mabul na gaske, irin na Karara a Italiya ko na Jakura a jihar Kogi, dangin farar ƙasa ne, taurinsa kimanin 3 ne kawai a ma'aunin Mohs, ruwan lemun tsami da na tsamiya suna cin fuskarsa, manja da lalle kuma suna shiga ƙofofinsa su bar tabo. Kamfanin Breton, wanda Marcello Toncelli ya kafa a Italiya a 1963, shi ne ya ƙirƙiro hanyar niƙa kwats, ma'adinin da shi ne mafi yawan ƙwayar yashi kuma taurinsa ya kai 7, a cuɗa kimanin kashi 90 cikin ɗari nasa da danƙon roba da launi, a matse a cikin injin da ke girgiza shi yana zuƙe iska. Caesarstone ya fara aiki a Isra'ila a 1987, Cosentino na Sifen ya fito da Silestone a 1990, daga baya masana'antun Sin da Indiya suka cika kasuwa da allunan da aka zana wa jijiyoyi masu ruwan toka irin na mabul.

Wannan dutse ba ya shan ruwa ko mai, kuma a nan ya fi mabul nesa ba kusa ba. Rauninsa yana cikin danƙon da ya riƙe shi, domin tukunyar tuwo da aka sauke daga wuta tana iya ƙona shi ta bar shaidar da ba ta gogewa, hasken rana kuma yana mayar da farinsa rawaya, saboda haka bai dace da madafar tsakar gida ba, wadda har yanzu ita ce madafar mafi yawan gidajen Ɗan Kassari. Idan ya tsage, ba kowane magini ne zai iya ɗinke shi ba.

Akwai kuma nauyin da mai saye ba ya gani, wanda ya faɗa kan masu yankan allunan. Ƙurar kwats tana shiga huhu ta sandarar da shi, cutar da likitoci ke kira silikosis, wadda ba ta warkewa, kuma yawan matasan ma'aikatan da ta kama ne ya sa Ostireliya ta haramta dutsen haɗi daga 1 ga Yulin 2024. A bakin titunan biranen ƙasar Hausa ana yawan ganin masu yankan tayil da dutse suna aiki a bushe, da ƙyalle kawai a hanci ko ma babu, alhali yanka da ruwa da sanya abin rufe hanci na ƙwarai suna rage ƙurar sosai, kuma mai gidan da ya ba da aikin yana da ikon gindaya wannan sharaɗi tun kafin a yi ciniki.