Guringuntsi

guringuntsi (suna, namiji): nama mai tauri da santsi, wanda ya fi tsoka ƙarfi amma bai kai ƙashi ba, yana cikin naman da ke haɗa sassan jiki ya tallafe su. Yawancinsa ruwa ne da zaren furotin mai suna kolajin, ƙwayoyin halittarsa kuwa a warwatse suke cikin 'yan ramuka.

Iri uku ne. Mafi yawa shi ne mai sheƙi, wanda ya lulluɓe bakin ƙasusuwa a gaɓoɓi don kada su gogi juna, ya haɗa haƙarƙari da ƙashin ƙirji, ya kuma yi zobba 16 zuwa 20 masu buɗe hanyar numfashi a maƙogwaro. Mai lanƙwasuwa yana fatar kunne. Mai yawan zare yana gwiwa da tsakanin ƙasusuwan gadon baya, inda yake ɗaukar nauyi.

Ba shi da jijiyoyin jini, daga ruwan da ke kewaye da shi yake samun abinci, shi ya sa rauninsa ke daɗewa bai warke ba. Zaizayewarsa na kawo ciwon gaɓoɓi ga tsofaffi. Yawancin ƙasusuwan ɗan tayi guringuntsi ne da farko, kafin su taurare su zama ƙashi.