Kamantawa

kamantawa suna, mace. Daga aikatau *kamanta*. Nau'in adon harshe ne inda ake jera abubuwa biyu da jinsinsu ya bambanta, a fito da halin da ya haɗa su, ta amfani da kalmar kamance. Hausa tana da *kamar*, *tamkar* da *sai ka ce*.

A Turanci, kalmomi biyu ne ke ɗaukar wannan aiki: *like* da *as*. Suna ne ke bin *like*: *He swims like a fish*, yana iyo kamar kifi. Ita kuwa *as* galibi sau biyu take zuwa, sifa a tsakiya: *as brave as a lion*, jarumi tamkar zaki. Ba a sa *than* a gurbin ta biyun.

Ga wani wuri da ɗalibai kan yi tuntuɓe, kuma ya kamata malamai su tsaya a kai: ba duk jimla mai *like* ce ado ba. *She looks like her mother* bayani ne kawai, domin mutum aka gwada da mutum.

Idan aka cire kalmar kamancen, aka ce *He is a lion*, an koma wani nau'in adon harshen, wato siffantawa.